NAZARI: Yadda Kafson 'Olsa' Ya Zama Likitan Talaka A Dogon Daji

A Dogon Daji, garin da ke bakin babban titin Sakkwato zuwa Jega cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, akwai cututtuka uku da mutum kan laƙaba wa kansa ba tare da ya ga likita ba, kamar yadda ake yi a yawancin garuruwan Arewa. Idan jiki ya yi zafi, maleriya ce. Idan zazzaɓin ya ƙi sauka, taifot ne. Duk wani ciwo kuma da ya tsaya tsakanin ƙirji da cibiya, sunansa olsa. Kowace daga cikin ukun tana da maganinta a kantar mai kemis, kuma na olsa shi ne wani ɗan kafso da ake ɓallewa daga kati, omefirazol, wanda ake rubutawa Omeprazole a jikin kwali.

Manomin da ya shigo gari ranar kasuwa, da ɗan acaɓan da ya wuni bai sa komai a bakinsa ba sai shayi da goro, da matar auren da ta aiko yaro da kuɗi a dunƙule a hannu, duk buƙatarsu ɗaya ce: a ba su abin da zai kashe wutar da ke ci a ƙahon zuci. Kafson kuwa yana kashe ta. Bayan kwana biyu ko uku raɗaɗin ya lafa, mutum ya koma gona ko kasuwa, har ranar da ciwon zai dawo a sake aiken yaro.

Maganin kansa ba shi da laifi, domin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ya raba miliyoyin mutane da wuƙar tiyata. Abin dubawa shi ne aikin da aka ɗora masa. A yankin da gwajin gano musabbabin ciwon ciki ya yi nesa da gida kuma ya yi wa aljihu nauyi, kafson ya maye gurbin likita da ɗakin gwaji da tsaftataccen ruwan sha baki ɗaya. Yana kwantar da ciwo ya bar tushensa. Yana kuma kwantar da mai ciwon, domin wanda ya sayi sauƙi da kuɗinsa ba kasafai yake tambayar inda kasonsa na kasafin lafiya ya tafi ba.

Abin da kafson ke yi a cikin jiki

Tumbin ɗan'adam yana fitar da ruwan asid mai ƙarfi domin narka abinci da kashe ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci ko ruwa. Asid ɗin yana fitowa ne daga wasu ƙananan famfuna da ke jikin bangon tumbi. Omefirazol yana toshe waɗannan famfunan, kuma duk wanda ya toshe ba ya sake aiki sai jiki ya ƙera sabo. Wannan ne ya sa kafso ɗaya ke isa wuni guda, kuma shi ya sa ba ya kashe ciwo nan take kamar yadda ruwan maganin nan mai farin alli ke yi; cikakken aikinsa yana ɗaukar kwanaki kaɗan kafin ya zauna.

Kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro shi, ya fito da shi kasuwa a 1988 da sunan Losec. Zuwa 1996 babu maganin da ya kai shi ciniki a duniya. Da wa'adin mallakar fasaharsa ya ƙare, kamfanoni da dama, musamman na Indiya, suka shiga yin sa da araha, har ya iso kantunan da ke bakin titin Tambuwal da Kebbe.

Yana da ƙa'idoji waɗanda ba safai ake gaya wa mai saye ba. Ana shan sa ne da safe, rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a ci abinci, domin ya tarar da famfunan a lokacin da abinci zai tayar da su. Ba a tauna ƙananan ƙwayoyin da ke cikin kafson, saboda an lulluɓe su da wani rufi da ke kare su daga asid ɗin tumbi har su wuce zuwa hanji. Likitoci kan rubuta shi na mako huɗu zuwa takwas, sannan su sake duba majinyaci. Ko a Amurka, inda aka halatta sayar da shi ba tare da takardar likita ba tun 2003, gargaɗin da ke jikin kwalin ya taƙaita shan sa ga kwana 14, kuma kada a maimaita kafin wata huɗu sai da izinin likita. A nan kuwa ana samun wanda ya shekara yana sha, yau ya sha gobe ya bari, gwargwadon ciwo da gwargwadon aljihu.

Sunan ciwo ɗaya, cututtuka da yawa

Kalmar olsa ta haɗiye cututtuka daban-daban. Akwai ƙwannafi, inda asid ke tsallake ƙofar da ke tsakanin tumbi da bututun abinci ya hauro sama, mutum ya ji ƙuna a ƙirji da tsami a maƙogwaro, musamman idan ya cika ciki da tuwo ya kwanta nan take. Akwai kumburin bangon tumbi. Akwai ainihin gyambon ciki, wato rauni a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Akwai kuma ciwon cikin da idan an leƙa da na'ura ba a ganin rauni ko kaɗan, kuma masu irin wannan sun fi masu gyambo yawa.

Abin da aka gada a bakin jama'a shi ne cewa yunwa da yaji da yawan tunani ne ke kawo gyambon ciki. Likitocin duniya ma sun daɗe a kan irin wannan fahimta, har sai da wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostiraliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka ware wata ƙwayar cuta daga tumbin majinyata a 1982, wadda daga baya aka raɗa wa suna Helicobacter pylori. Da abokan aikinsu suka ƙi gaskata su, Marshall ya shanye ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, ya kamu da kumburin tumbi, ya kafa hujja da jikinsa. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Yau an tabbatar cewa manyan musabbaban gyambon ciki biyu ne: wannan ƙwayar cuta, da magungunan kashe raɗaɗi irin su asfirin da diklofenak da ibufurofen. Yunwa da yaji suna tayar da ciwon da ke akwai, amma ba su ne ke haƙa ramin ba.

Duka musabbaban biyu suna zaune daram a karkarar Sakkwato. Ƙwayar H. pylori tana shiga jiki ne tun ƙuruciya, ta hanyar miyau da ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, kuma ta fi yaɗuwa a gidajen da ke da cunkoso da ƙarancin tsaftataccen ruwa. Wani bincike da likita Holcombe da abokan aikinsa suka gudanar a Arewacin Najeriya, aka wallafa a 1992, ya sami alamar ƙwayar a jinin kashi 85 cikin ɗari na waɗanda aka gwada. Wani babban nazari da mujallar Gastroenterology ta wallafa a 2017, wanda ya tattara alƙaluman ƙasashen duniya, ya sa Najeriya a sahun gaba da kashi 87.7 cikin ɗari, alhali Suwizalan na da kashi 18.9. Yawancin masu ɗauke da ita ba sa jin komai. Kimanin ɗaya cikin goma ne ke kaiwa ga gyambo, ƙalilan kuma ga sankarar tumbi. Tun 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙwayar cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara.

Musabbabi na biyu kuwa ana sayar da shi a kanta ɗaya da maganin. Wanda ya wuni yana huɗa ko yana dakon buhuna yakan tsaya da yamma a yi masa haɗi na ciwon jiki, ƙwayoyi uku ko huɗu a ƙulle cikin leda, kuma ba abin mamaki ba ne a sami biyu daga ciki 'yan gida ɗaya ne masu cin bangon tumbi. Ya sha a kan cikin da babu komai, bayan 'yan makonni ya dawo neman maganin olsa. Kanta ɗaya ta sayar masa da ciwo, ta kuma sayar masa da sauƙinsa.

Maganin da ake yi rabi

Gyambon da H. pylori ta haddasa yana warkewa gaba ɗaya idan an kashe ƙwayar. Hakan na buƙatar omefirazol ko ɗan'uwansa tare da aƙalla magungunan kashe ƙwayoyin cuta iri biyu, a sha su ba fashi na tsawon kwana 14, sannan a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu domin a tabbatar ta mutu. Kafson shi kaɗai yana rufe raunin na ɗan lokaci, ƙwayar tana nan, kuma ciwon kan dawo. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Kafin a kai ga magani sai an yi gwaji, kuma a nan ma akwai tarko biyu. Gwajin jini na gaggawa da ƙananan ɗakunan gwaji suka fi yi yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, ko da an riga an kashe ta. A ƙasar da mutum takwas cikin goma suka taɓa haɗuwa da ita, irin wannan sakamako ba ya bambance komai. Gwajin bayan gida ko na numfashi ne ke nuna ko tana raye a lokacin. Tarko na biyu shi ne cewa omefirazol yana danne ƙwayar har gwajin ya kasa ganin ta, don haka ake so a dakatar da shi mako biyu kafin a gwada. Wanda ya sha kafso da safe ya je gwaji da hantsi yana iya komawa gida da takardar da ta ce lafiyarsa ƙalau.

Inda aka yi yunƙurin haɗa magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba tare da likita ba, sau da yawa aljihu ne ke yanke tsawon kwanakin. Mutum ya sayi na kwana uku, ya ji sauƙi, ya bari. Ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, kuma su za su hayayyafa. Filajil, wanda ake sha a kan kowace gudawa, ya riga ya rasa ƙarfinsa a kan H. pylori a sassa da yawa na Afirka. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nau'in ƙwayar da ke bijire wa kilaritiromaisin cikin jerin waɗanda ake buƙatar sababbin magunguna dominsu da gaggawa. Duk rabin maganin da aka sha a Dogon Daji yana rage wa na gaba damar warkewa.

Abin da ke ɓuya a bayan sauƙi

Babban haɗarin kafson shi ne iya aikinsa. Saboda yana kwantar da raɗaɗi sosai, yana iya lulluɓe alamun cutar da ta fi olsa muni har lokaci ya ƙure. Sankarar tumbi kan fara ne da irin wannan ciwo na ƙahon zuci. Ciwon hanta, wanda ya yi katutu a Arewa, da tsakuwar matsarmama, su ma a nan suke bugawa. Bugun zuciya a wajen dattijo ko mai ciwon sukari yana iya zuwa da kamannin ƙwannafi. Mafi tayar da hankali shi ne mace mai juna biyu: ciwo mai tsanani a saman ciki a watannin ƙarshe, musamman tare da ciwon kai ko dishi-dishin gani ko kumburin fuska, alama ce ta hawan jinin masu ciki da ke kaiwa ga jijjiga. Abin da take buƙata a wannan sa'ar shi ne a auna jininta a garzaya da ita asibiti, amma idan gida ya riga ya yanke cewa olsarta ce ta tashi, kemis za a nufa.

Alamun da likitoci suka yi ittifaƙi cewa ba a jira a kansu sun haɗa da aman jini ko amai mai kama da garin gahawa, baƙin bayan gida kamar kwalta, rama ba dalili, wahalar haɗiye abinci, yawan amai, ƙarancin jini, da ciwon cikin da ya fara sabo ga wanda ya haura shekara 55. Ciwon da ya turnuƙe farat ɗaya har ciki ya ƙame kamar katako yana iya nufin gyambon ya ɓule, kuma wannan aikin tiyata ne na sa'o'i.

Akwai kuma illar daɗewa ana sha. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2010 kan haɗarin karayar ƙashi, a 2011 kan raguwar sinadarin maganiziyom a jini, a 2012 kuma kan wata muguwar gudawa. Yana iya rage shigar sinadarin ƙarfe da bitamin B12 cikin jiki, yana iya taɓa ƙoda, kuma yana rage ƙarfin wasu magunguna, ciki har da kilofidogirel na masu ciwon zuciya da atazanabir na masu cutar ƙanjamau. Wanda ya daɗe yana sha ya tsaya farat ɗaya kuwa, asid kan dawo da ƙarfi na 'yan makonni, sai ya ɗauka cutar ce ba ta warke ba, ya koma kan kafso. Waɗanda likita ya ɗora a kan maganin na dogon lokaci bisa dalili, su kam amfaninsa ya rinjayi illarsa, kuma bai kamata su daina da kansu ba.

Illar da ta fi shafar Sakkwato kai tsaye ita ce ta ruwa. Asid ɗin tumbi shi ne shingen farko da ke tare ƙwayoyin kwalara da danginsu, kuma wanda aka rage wa asid, ƙwayoyi kaɗan sun isa su kwantar da shi. A 2021 Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, sama da 3,600 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da annobar ta fi yi wa ɓarna. Ruwan da ya kawo ƙwayar olsa tun farko shi ne dai ke jiran cikin da kafso ya buɗe wa ƙofa.

Me ya sa kowa ke tafiya kemis

Abu ne mai sauƙi a ɗora laifin a kan mai kemis ko a kan jahilcin jama'a, amma wannan barin jaki ne ana dukan taiki. Lasisin mai kemis, wanda Hukumar Kula da Harkar Haɗa Magunguna ta Najeriya ke bayarwa ƙarƙashin dokarta ta 2022, ya taƙaita shi ga sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, a cikin ainihin mazubinsu. Bai ba shi ikon gano cuta ko yin allura ba. Sai dai shi ne ke buɗe da daddare, shi ne ke ɓalle kati ya sayar da kafso uku, shi ne kuma ke ba da bashi har a sayar da albasa ko gero. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tsagar bangon a bayyane take cikin alƙaluman gwamnati. Rahoton talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ya nuna cewa kashi 63 cikin ɗari na 'yan Najeriya, mutum miliyan 133, suna cikin wannan hali, kuma Sakkwato ce kan gaba da kimanin kashi 91. Sama da kashi 70 cikin ɗari na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyata yake fitowa. A 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya ce likitocin da ke da lasisi a ƙasar kimanin 55,000 ne, kuma wajen 16,000 sun fice cikin shekara biyar. Waɗanda suka rage sun fi taruwa a Legas da Abuja da manyan birane.

Mai ciwon cikin da ya cancanci a leƙa tumbinsa da bututu mai kyamara sai ya kama hanyar birnin Sakkwato, ta Shagari da Bodinga, zuwa wuri irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kuɗin mota zuwa da dawowa, na mutum biyu domin ba a tafiya asibiti babu ɗan rakiya, da kuɗin kati da na gwaji da na kwana, duk suna hawa kafin a zo kan magani. Tun bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 wannan lissafi ya ninka. Ga mutanen ƙauyukan Kebbe kuma akwai ƙarin fargabar 'yan bindiga a hanya. Idan aka auna wannan duka da kuɗin kati ɗaya na kafso, zaɓin talaka a fili yake, kuma lissafinsa daidai ne bisa abin da ke hannunsa.

Shin kafson ma na gaske ne?

Najeriya na shigo da kusan kashi 70 cikin ɗari na magungunanta. Dala da ke wajen Naira 460 a kasuwar gwamnati a Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, kuma a tsakanin nan kamfanonin GSK da Sanofi suka sanar da janye harkokinsu na kai tsaye daga ƙasar. Umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2024, na ɗauke haraji daga kayan haɗa magunguna, an yi shi ne domin sassauta wannan tsada. Duk lokacin da magani mai inganci ya yi tsada, kasuwar jabu ce ke buɗewa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci.

Omefirazol yana da rauni na musamman a nan, domin zafi da laima suna lalata shi. Ana so a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 25 zuwa 30 ba. A Sakkwato kuwa zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, balle a cikin shago mai rufin kwano ko a kan tiren mai talla da ke zagaya tasha. Ko maganin na gaske ne daga masana'anta, yana iya isa bakin majinyaci da rabin ƙarfinsa.

Hukumomi sun motsa a kan manyan kasuwanni. A Fabrairun 2024 NAFDAC da hukumar masu haɗa magunguna suka rufe shaguna sama da dubu a Kano domin tilasta wa dillalan Sabon Gari komawa cibiyar Dangwauro, a Fabrairun 2025 kuma aka rufe kasuwannin magani na Onica da Aba da Idumota na wani lokaci. Amma ƙarshen sarƙar, wato kantar ƙauye, shi ne inda ido ya fi ƙaranci. Labarin ranitidin ya isa misali: wannan tsohon maganin olsa hukumomin Amurka da na Tarayyar Turai suka janye shi a Afrilun 2020 saboda an sami wani sinadari da ake zargin yana haddasa sankara a cikinsa, kuma yawan sinadarin yana ƙaruwa idan an ajiye maganin cikin zafi. Sanarwar janye magani tana aiki ne kawai idan akwai jami'in da zai bi kanta kanta ya duba.

Inda kuɗin ya kamata su fito

Tsarin da zai gyara wannan lamari yana nan a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma dokar ta ware kashi 20 na asusun domin magunguna da kayan aiki na yau da kullum. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami cibiya ɗaya mai aiki, kuma Sakkwato na da mazaɓu 244 a ƙananan hukumomi 23. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa ƙarfi. Jihar na da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, SOCHEMA. A 2025 gwamnatin Ahmed Aliyu ta sanar da tsarin tura ma'aikatan lafiya karkara na shekara biyu bisa tilas. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 kuma ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma lafiya matakin farko na cikin ayyukan da suke da hannu a ciki.

Yankin ma ba maraya ba ne a siyasa. Tambuwal ta ba da Kakakin Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015, Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya yi gwamnan jihar daga 2015 zuwa 2023 kafin ya tafi Majalisar Dattawa yana wakiltar Sakkwato ta Kudu. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal na da kujerarta a Majalisar Wakilai, kuma jam'iyyun PDP da APC duk sun riƙe jihar. Saboda haka babu ɓangaren da zai ce bai sami dama ba.

Abin da ake buƙata bai kai gina sabon asibiti tsada ba. Gwajin bayan gida na gano H. pylori ɗan ƙaramin kati ne, irin wanda ma'aikacin lafiya na al'umma ya riga ya saba da shi a gwajin maleriya. Idan aka sa shi cikin kayan da asusun matakin farko ke saya, aka haɗa cikakken maganin kwana 14 cikin abin da SOCHEMA ke biya, an cire babban dalilin shan rabin magani. Masu kemis, tunda ba za su ɓace ba, ana iya horar da su ta hannun ƙungiyarsu a kan alamun haɗari da takardar tura majinyaci asibiti, a kuma hana haɗa magungunan raɗaɗi 'yan gida ɗaya cikin leda. Na'urar leƙa ciki guda ɗaya da likitan da ke ziyara a kai a kai a babban asibiti ɗaya na Sakkwato ta Kudu za ta rage wa ƙananan hukumomi da dama doguwar tafiya. A ƙarƙashin wannan duka akwai rijiyar burtsatse mai aiki da masai a makarantu da kasuwanni, domin a nan ƙwayar ke shiga yaro tun bai san sunanta ba.

A matakin gida ma akwai abin yi kafin gwamnati ta farka. Mai ƙwannafi ya bar tazarar awa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, ya ɗaga gefen kai na shimfiɗarsa, ya rage taba da cika ciki. Mai ciwon jiki ya tambayi sunan kowace ƙwaya da aka ƙulla masa. Mai azumin da likita ya rubuta wa kafso ya sha shi kafin ya fara cin sahur, wanda kuma ya taɓa aman jini ko baƙin bayan gida ya nemi shawarar likita tun kafin watan ya kama. Mai waya a hannu yana iya duba lambar rajistar magani a rumbun Greenbook na NAFDAC a intanet.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, 'yan takara za su zo Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kuchi, wasunsu da tawagar likitocin kyauta na wuni ɗaya, kuma cikin ledojin da za a raba ba za a rasa katin omefirazol ba. Matasan da za su tarbe su suna da tambayoyin da amsarsu lamba ce: nawa cibiyar mazaɓarsu ta karɓa daga asusun matakin farko a shekarar da ta wuce, mutum nawa SOCHEMA ta yi wa rajista a ƙaramar hukumar, ma'aikata nawa aka turo ƙarƙashin tsarin karkara kuma nawa ne ke kwana a garin, sannan yaushe jami'in sa ido ya leƙa kantunan magani na ƙarshe. Katin kafson da aka raba zai ƙare cikin mako biyu, kujerar da aka nema da shi kuwa ta shekara huɗu ce.